Tuwon Zazzau a Tukunyar Gwari: Tarihin Madafa a Unguwar Wambai ta Suleja

1.0 Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta game da tarihin Suleja, wadda a da ake kira Abuja, ya ta'allaƙa ne a kan sarauta da yaƙe-yaƙe. Littafin da Alhaji Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, wanda Frank Heath ya fassara zuwa Ingilishi a 1952, da kuma nazarin M. G. Smith na 1960 a kan mulkin Zazzau, su ne madogarar mafi yawan manazarta. Wannan maƙala za ta juya ne zuwa cikin gida, ta dubi murhu da tukunya da abin da ake dafawa a ciki, ta hanyar ɗaukar unguwar Wambai a matsayin misali. Manufar ita ce a nuna cewa madafar Basulejen asali haɗin gambiza ce ta al'adu biyu: girkin da aka yi hijira da shi daga Zazzau, da kayan girkin da aka tarar a hannun Gwarawa. Labarin yaƙi ya daɗe yana rufe wannan dogaro da juna.

2.0 Hijira da Kafuwar Unguwa

A shekarun farko na jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya soma a 1804, rundunar Malam Musa ta kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga birnin Zariya. Ruwayar mutanen Abuja ta nuna cewa farmakin ya riski Makau ne a filin idi, a bayan gari, bai kuwa sami damar komawa cikin birni ba. Ya yi kudu da jama'arsa har Zuba, ƙasar Koro, ya kuma rasu a yaƙin Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake yi wa laƙabi da Abu Ja, shi ya gaje shi, ya kafa sabon gari a 1828 kusa da kogin Iku, garin ya ci sunansa.

Abin lura a nan shi ne, wanda ya bar gida a irin wannan hali ba ya tsayawa ɗaukar randa ko turmi. Abin da waɗannan mutane suka iso da shi yana cikin kawunansu: tsarin sarauta, da addini, da sana'o'i, da sanin yadda ake tuƙa tuwo da kaɗa miya. Sun sake dasa sarautun Zazzau ɗaya bayan ɗaya a sabon mazauni, kuma kamar yadda aka saba a biranen Hausa, sunan sarauta yakan zama sunan unguwa. Haka aka sami Wambai, haka kuma aka sami Magajiya, dukansu a yau mazaɓu ne a ƙaramar hukumar Suleja. A tsohon tsarin da Smith ya bayyana, Wambai yana sahun manyan 'yan majalisa tare da Galadima da Dallatu, kuma babanni ne suke riƙe waɗannan sarautu uku, wato amintattun da ba a yi musu shamaki da cikin gidan sarki. Ke nan tun asali sunan unguwar yana da dangantaka da sha'anin cikin gida.

3.0 Abin da ke kan Murhu

Ginshiƙin abincin Bazazzagi hatsi ne, musamman dawa, sai gero na fura da kunu. Aikin tuwon dare tun da hantsi yake farawa: a yi sussuka, a sheƙe, a surfa a turmi, a wanke, a shanya, sannan a niƙa a dutse, a tankaɗe. Idan ruwa ya tafasa a yi talge da tsaki, ya nuna, a zuba gari a tuƙa da muciya, a bar shi ya sulala, a kwashe da mara a zuba a akushi. Miya kuwa a ƙaramar tukunya ake yin ta, kuka ko kuɓewa ko karkashi, da daddawar kalwa da ɗan kanwa, a burge da maburgi. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, wadda ke da girki ita ke da murhu a ranar, ita ke rabon tuwo, ita kuma ke aika na maigida zaure, inda yakan ci tare da maƙwabta bayan sallar magariba ko isha'i.

Sai dai ƙasar da suka sauka ba irin ta Zariya ba ce. Damina ta fi tsawo, daji ya fi duhu, ga duwatsu, ga kuma doya wadda Gwarawa suka gwanance wajen nomanta. Sannu a hankali sakwara ta sami wuri a gefen tuwon dawa, turmin da aka sani da surfe ya koyi kirɓa doya, manja da ke zuwa daga kudu ya shiga tukunyar miya tare da man kaɗe da man gyaɗa. Da farko garin a rufe yake saboda gaba da masarautun Fulani da ke kewaye da shi. Sai a zamanin Sarki Abu Kwaka (1851-1877) aka buɗe ƙofar ciniki da Bida da Zariya, fatake suka riƙa shigowa. Kafin wannan lokaci, dole ne gidajen Abuja su dogara da ƙauyukan Gwari da Koro wajen hatsi da itace da tukwane.

Ba za a ce zaman ya kasance na lumana zalla ba. Laƙabin Sarki Ibrahim Iyalai (1877-1902), wato Dodon Gwari, ya isa shaida a kan irin hare-haren da aka kai wa waɗannan ƙauyuka. Amma duk da haka, tuwon da mayaƙan suka ci kafin su fita, a tukunyar Gwari aka tuƙa shi.

4.0 Tukunya

A wurare da dama na ƙasar Hausa maza ne maginan tukwane. A wajen Gwarawa, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi ko Gbari, aikin mata ne, yarinya takan koya daga uwa ko gwaggo. Ba sa amfani da na'ura mai juyawa. Magina takan aza curin yumɓu ta riƙa zagaya shi tana jan bangon sama da hannu, tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu har tukunya ta tashi, ta yi mata zane, idan ta bushe a gasa a fili da itace da ciyawa. Matan kan kawo su kasuwa a kafaɗa, domin Bagwariya a al'ada ba ta ɗora kaya a ka. Daga nan ake samun tukunyar tuwo da ta miya, da kasko, da tulu, da randar da ake girkewa a inuwa a tsakar gida. Wannan gashi na wuta mai sauƙi shi ne sirrin amfaninsu: tukunyar tana jure harshen wutar murhu ba ta fashe ba, randa kuma tana tsattsafo ta jikinta, ruwa ya yi sanyi ko da a watan bazara.

Muhimmancin tukunya bai tsaya a girkin yau da kullum ba. Ranar suna ko aure ko sadakar mamaci, babu gidan da tukwanensa za su isa. Mata sukan aiko da nasu, da turame da taɓare, a kafa murhu da dama a tsakar gida ɗaya, tsofaffi na lura da miya, 'yan mata na daka da ɗiban ruwa. Mai jego ana dama mata kunun kanwa, ana dafa ruwan wankanta safe da yamma a babbar tukunya har ta yi arba'in. Akwai kuma ciyayya, inda gidaje kan riƙa musayar kwanon abinci, musamman da azumi da salla, kuma abin kunya ne a mayar da kwano ba komai a ciki. Ta haka ake gane wanda ya shiga matsi ba tare da ya buɗe baki ya roƙa ba. Aron tukunya bashi ne da ba a rubutawa, amma kowace mace ta san wadda ta taya ta da wadda ta noƙe.

5.0 Daga Madafa zuwa Gidan Tarihi

A farkon shekarun 1950 wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja. Ya zaɓi garin ne saboda yumɓu da ruwa da itace, da ƙwarewar maginan yankin, da kuma goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau (1944-1979), wanda a gidansa Cardew ya ga tukwanen wata Bagwariya daga Kwali mai suna Ladi. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta ci gaba da gina randunanta da hannu, da zanen kada da ƙadangare da kunama da kifi, sai dai yanzu ana shafa musu ruwan ƙyalli a gasa su a wuta mai tsananin zafi. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

A nan akwai abin dubawa. Randar da aka yi wa irin wannan gashi ta yi nauyi, ta daina tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Siffar ta tsira, amfanin ya tafi. Abin da ya ɗaukaka sunan maginar a duniya shi ne kuma ya raba randar da tsakar gida, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin matar da ke neman abin zuba ruwa.

Ita kuwa tukunyar gida, wasu abubuwa ne dabam suka ture ta. Kwanonin sha da langa-langa sun maye gurbin akushi da ƙwarya, tukunyar dalma da maƙera ke zubawa ta karɓe aikin biki domin ba ta fashewa, injin niƙa ya kashe dutse. Sai kuma babban sauyi na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a ƙasar da wani yanki nata mallakar masarautar ne. Sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohon gari ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowane sashe na Nijeriya suka kwararo neman masauki, abin da ya ƙaru bayan gwamnati ta tare a 1991. A tsofaffin unguwanni aka shiga yanka filin tsakar gida ana gina ɗakunan haya, inda a da mata goma za su jera turame, yanzu kowace tana girki a ƙofar ɗakinta da rishon kananzir ko gawayi ko gas. Manyan tukwanen biki ma haya ake ɗaukowa, a biya kuɗi, a mayar. Tun daga 2007 hoton Ladi Kwali tana gina tukunya yake a bayan takardar naira 20, wadda a da matan Wambai suke miƙawa a sayo musu ruwan leda mai sanyi.