Fatoma ko Magajiya? Zawarawa da Gidajen Sauka a Jimeta Zamanin Turawa

Akwai ra'ayin da ya zauna daram a nazarin biranen zamanin mulkin mallaka, cewa duk macen da ta riƙe gida tana saukar da baƙi magajiyar karuwai ce. Masu wannan ra'ayi kan jingina da Cohen (1969) kan unguwar Sabo ta Ibadan da White (1990) kan Nairobi. A ganina, ɗora wannan awo kan Jimeta bai dace ba.

Tarihin garin sananne ne. Bayan Turawa sun ci Yola a 1901, fadar Lamiɗo ta zauna inda take, Jimeta kuwa ta bunƙasa a bakin Binuwai da ma'aikatun gwamnati da kantunan kamfanoni irin su John Holt. Manyan jiragen ruwa ba sa isowa sai kogi ya cika da damina. Wato baƙin garin, fatake da 'yan dako da matuƙa, na 'yan watanni ne, buƙatarsu ɗaki da tuwo da wurin ajiyar kaya. Wannan shi ne aikin fatoma, wanda Hill (1966) ta fayyace a Kumasi. Me zai hana macen da mijinta ya rasu ya bar mata zaure da ɗakuna ta ci gaba da shi bayan ta fita takaba?

Mai suka zai ce gadon matar mamaci tumuni ne idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu, kuma wannan bai isa ya mallaka mata gida ba. Lissafin daidai ne, amma ya haɗa mallaka da riƙo. Uwar marayu kan zauna cikin rabon 'ya'yanta har su girma, kuma abin da ta tara ta sana'ar fura ko ƙosai nata ne a shari'a. Mai sukan zai ƙara da cewa hukumomin lokacin ma kallon magajiyar karuwai suka yi wa waɗannan mata. Nan ne hujjarsa ta fi rauni. Pierce (2003) ya nuna yadda Sarkin Kano ya hana mata gadon gidaje da gonaki a 1923 bisa zargin suna shiga karuwanci, aka kuma mayar musu a 1954 don tsofaffi sun tagayyara. Zargin, ashe, makami ne a rigimar dukiya, don haka ba a ɗaukarsa shaida kai tsaye.

Ba ina cewa babu gidajen mata masu zaman kansu a Jimeta ba, kuma hukuncin Kano bai hau kan Adamawa ba. Da'awata ƙarama ce: riƙon masauki kaɗai bai isa a yi wa bazawara wannan laƙabi ba. Wanda ya ce magajiya ce, shi ke da nauyin kawo hujja, gida-gida, daga littattafan alƙalai da bakin dattawan unguwa.