Daga netstat zuwa ss: Tarihin Leƙen Ƙofofin Na'ura

Mu da Allah Ya sanya abincinmu a wajen kula da manyan kwamfutocin da ke yi wa jama'a hidima dare da rana, duk sa'ad da al'amari ya rikice, tambayar da ke fara zuwa bakinmu ita ce: wa ke magana da wannan na'ura yanzu, ta wace ƙofa, kuma a wane hali maganar take? Asalin abin da muke amsa ta da shi yana komawa ne zuwa Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, inda a shekarar 1983, wato shekarar da ARPANET ta koma kan ƙa'idar TCP/IP, aka fitar da 4.2BSD, aikin da Bill Joy ya ɗauko, Sam Leffler da abokansa suka kammala. A cikinsa ne soket ya bayyana, wato bakin zaren da manhaja ke riƙewa idan za ta yi zance da wata na'ura, kuma tare da shi aka zo da umarnin netstat domin ma'aikaci ya ga waɗannan zaruruwa da idonsa.

Hanyar netstat na farko, in an dube ta da idon yau, karambani ce tsantsa, domin kuwa ba ya tambayar kanel, wato zuciyar tsarin, sai dai ya buɗe /dev/kmem ya kutsa cikin ma'ajiyarta yana karanta abin da ya tarar. Saboda haka sai an ba shi izini na musamman, kuma da zarar an sāke fasalin kanel ba a sāke gina shi ba, sai ya shiga kawo shirme. Da Linux ya zo bayan 1991, sai aka sassauta lamarin: kanel da kanta take rubuta bayanin a /proc/net/tcp, netstat na tarin net-tools ya karanta ya gyara shi. Wanda ya taɓa buɗe wannan fayil ya san abin da ke ciki. Zai ga 0100007F:0016, wanda ma'anarsa adireshin 127.0.0.1 ne an juya shi baibai, ƙofa ta 22, sa'an nan can gaba 0A, alamar cewa ana sauraro. Wannan dabara ta wadatar muddin haɗin bai wuce ɗaruruwa ba. Amma da zamani ya kai saba ɗaya, wato babbar kwamfutar hidima, tana riƙe da dubun dubata, sai ya zamana kanel ta mai da kowane soket rubutu, netstat kuma ya sāke mai da rubutun lissafi, mutum ya buga umarni ya zauna jira alhali gobarar da yake son kashewa tana ci.

Maganin ya fito ne daga Rasha, daga hannun Alexey Kuznetsov, wanda ya rubuta iproute2, kuma a cikinsa akwai ss. Hikimarsa ita ce ya yi wa kanel tambaya kai tsaye ta hanyar netlink, ya gaya mata irin soket ɗin da yake nema, ita kuma ta tace ta miƙo masa su kaɗai. Daga baya riƙon wannan aiki ya koma hannun Stephen Hemminger. Shi kuwa net-tools, tun daga fitowar 1.60 a 2001 sai ya yi dogon barci, bai sāke fitowa a hukumance ba sai 2021. Duk da haka jama'armu ba su saki netstat da hujja ba, sai da tilas: ranar da Red Hat Enterprise Linux 7 ya fito a 2014, Debian 9 kuma a 2017, ba tare da shi a cikin kayan farko ba, ma'aikata da yawa abin da suka fara yi shi ne su sāke girka shi, suna gunaguni. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, domin jerin da ss ke fitarwa, musamman a wancan lokaci, ya kan bazu ya karye a allo, ba shi da tsarin da ido ya saba da shi. Sai dai an yi wa yatsu adalci, tun da haruffan nan -tulpn da muka haddace suna aiki a duka biyun.

Fifikon ss na haƙiƙa, a ganina, yana cikin harafin -i, wanda ke bayyana abin da netstat bai taɓa nunawa ba game da kowane haɗi: tsawon lokacin zuwa da dawowar saƙo, da faɗin tagar cunkoso, wadda Van Jacobson ya shigo da ita a 1988 bayan durƙushewar da intanet ta yi a 1986. Waɗanda suka yi aiki a zamanin da intanet ɗin ƙasarmu ke bi ta tauraron ɗan Adam, lokacin da saƙo ke cin fiye da rabin daƙiƙa kafin ya dawo, sun san darajar wannan adadi wajen raba gardama tsakanin mai saba da mai layi.

Amma fiƙihun aikin bai canja ba tun daga RFC 793, wadda Jon Postel ya tace a 1981, inda aka zayyana halaye 11 na haɗin TCP. Sabon shiga ya kan firgita in ya ga TIME-WAIT dubbai, alhali wannan idda ce kawai ta daƙiƙa 60 da Linux ke yi wa haɗin da aka rufe, don kada saƙon da ya makara ya faɗa cikin sabon haɗi. Abin tsoro shi ne CLOSE-WAIT in ya taru ya ƙi raguwa, domin shaida ce cewa ɗaya ɓangaren ya yi sallama, manhajarmu kuwa ta manta ba ta rufe nata bakin ba, kuma babu gyaran kanel da zai warkar da wannan sai an koma ga wanda ya rubuta manhajar. Haka kuma Recv-Q, wato adadin masu jira, a layin soket mai sauraro: in ya kusa cimma Send-Q, wato iyakar da aka yarda su kai, to baƙi sun yi layi a ƙofa, manhaja ta kasa karɓarsu, kuma nan gaba kaɗan kanel za ta fara watsi da masu zuwa.