Ƙananan Gine-ginen Wasan Yaƙin Tebur

Wasan yaƙin tebur wasa ne da mutum biyu ko fiye suke jera ƙananan mutum-mutumin sojoji a kan faffaɗan tebur, galibi mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, su riƙa motsa su bisa rubutattun dokoki. Da rula ake auna nisa, ɗan ludo kuma shi ke yanke ko harbi ya samu. Gidaje da ganuwa da gadoji da kangayen da ake dasawa a kai su ne ke mayar da tebur fagen fama. A yawancin dokoki, sojan da ya laɓe bayan bango yana da wuyar samu, wanda gini ya tare wa gani kuwa ba shi da damar harbi. Saboda haka inda aka ajiye gini yakan juya akalar wasan gaba ɗaya.

Asalin wasan na horar da hafsoshi ne a ƙasar Furushiya, wadda wani yankinta ke cikin Jamus ta yau. A 1812 Georg Leopold von Reisswitz ya miƙa wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani tebur mai ƙananan alluna masu siffar tuddai da koguna da ƙauyuka, waɗanda ake sauya wa jeri yadda aka ga dama. Ɗan Reisswitz ya gyara dokokin wasan a 1824, rundunar ƙasar ta karɓe su. Marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya kai abin ga masu nishaɗi da littafinsa Little Wars na 1913, inda ake harhaɗa gidaje da guntayen katako. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, ya fitar da Warhammer a 1983, kuma yana cikin waɗanda suka fi yaɗa wasan a duniya.

Abu na farko da maƙerin gini yake tsayarwa shi ne awo. Ɗan soja mai milimita 28 ya fi yawa a kasuwa, wanda ya yi daidai da kusan kashi ɗaya cikin 56 na girman mutum. A wannan awo, bango mai tsayin mita 10 zai tashi kusan santimita 18. Masu wasa kan tsuke faɗin gini da gangan don kada gida ɗaya ya cinye tebur, amma ƙofa dole ta dace da tsayin ɗan sojan, domin a nan ido ya fi saurin kama kuskure.

Ana sayar da gine-ginen a wargaje, na roba ko na siririn katakon da inji ya yanka, mai saye ya haɗa da gam. Wasu kuma da kwali da soso suke ƙera nasu tun daga tushe. Ana gwada haɗa sassan tukuna kafin a shafa gam, a kankare bakin da ya yi kaushi, a bar rufin ba a manne ba don a iya sa sojoji a ciki. Sai fenti: a shafa launin ƙasa, a bi shi da tsinkakken fenti mai duhu wanda zai kwanta a lunguna, daga ƙarshe a goga launi mai haske da buroshin da aka kusa busar da shi, don gefuna su fito.

Wurin da gwaninta take bayyana shi ne sauya wa gini kama. Gidajen ƙasa da kamfanoni ke sayarwa yawanci samfurin Arewacin Afirka ne ko Gabas ta Tsakiya, masu miƙaƙƙen bango da kusurwa mai kaifi. Wanda yake son kwaikwayon yaƙin da sojojin Turawan mulkin mallaka ƙarƙashin Kanar Morland suka yi a Bebeji da Kano a 1903 ba zai samu biyan buƙata da su haka nan ba. Bangon tubali na ƙasar Hausa yana da kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa, kusurwoyinsa a dunƙule saboda yaɓen hannu. Sai an ƙara masa zanko a saman kusurwa, da indararo mai zubar da ruwan soro, da zaure a bakin gida. Yashi mai laushi da aka kwaɓa da gam yana ba da kamannin yaɓe, launin kuma ja-ja ne mai duhu irin na makuba, ba fari ba. Wannan gyara ya cancanci wahalarsa, domin ginin da aka yi wa shi kaɗai ne Bakano zai kalla ya ce na gida ne.

A karkarar arewacin Kano, irin ƙasar Kunci mai maƙwabtaka da Bici da Tsanyawa, abin da ya fi kusa da wannan sana'a yana hannun yara. Bayan kaka, idan kara ya wadata, yaro kan ɓare bayan karan dawa ya sami siraran tsinke, ya yayyanka totuwar ciki, ya soke su da juna har mota ko ɗaki ya tashi, ba gam ba ƙusa. Wasu kuma da yumɓu suke gina shanu da rumbuna. Kayan nan sun dace ƙwarai da ƙauyen tebur: tsinken kara ya zama danga, busasshiyar ciyawa ta zama jinka, dunƙulen yumɓu ya zama rumbu a kan duwatsunsa. Tsarin ƙauyen ma ya bambanta da na birni, domin gonaki suna zuwa har gindin danga, ga ɗorawa da kuka jefi-jefi, don haka mafakar soja kan zama shinge da itace maimakon bango. Raunin kayan nan shi ne rashin ƙarko: yumɓun da ba a gasa ba yana tsagewa, gara kuma tana cin kara. Ana magance wannan da girka ginin a kan katako, a shafe shi da gam da aka tsinka da ruwa, a ajiye shi nesa da ƙasa da laima.