Mallakar Wutar Lantarki: Waiwaye Daga Zamanin En'e Zuwa Alaba Rago

1.0 Gabatarwa

A unguwannin Hausawa na Legas, musamman Agege da Alaba Rago da ke ƙaramar hukumar Ojo, ba baƙon abu ba ne a yi karo-karo don gyaran taransifoma ko sayen waya, alhali kuwa wutar mallakar kamfani ce. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda mallakar lantarki ta riƙa sauya hannu a Nijeriya, domin a ga ko jama'a suna da gurbi a cikinta.

2.0 Daga En'e Zuwa NEPA

A Legas aka fara kunna lantarki a ƙasar nan, cikin 1896. Daga nan hannaye uku suka riƙe harkar. Akwai gwamnatin mulkin mallaka, akwai kamfanin NESCO da ya fara aiki a 1929 saboda ma'adinan kuza na Jos, sannan akwai En'e-En'e na Kano da Katsina da Ibadan da Abeokuta, waɗanda suka gudanar da tashoshinsu da kuɗin baitulmali. Ke nan haraji da jangali ne suka haska waɗannan birane, ko da yake talakan da ya biya ba shi da ta cewa.

A 1951 hukumar ECN ta karɓe tashoshin gwamnati da na En'e. A 1972 kuma aka haɗe ta da hukumar da ta gina madatsar Kainji, aka sami NEPA. Sunan ya kama baki ƙwarai, har yau Bahaushe kan ce "Nepa ta ɗauke wuta", duk da cewa hukumar ta daɗe da shuɗewa.

3.0 Zamanin Kamfanoni

Dokar 2005 ta rushe NEPA, ta kafa hukumar sa ido ta NERC. A Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, kowanne da yankinsa. Ojo ta faɗa rabon kamfanin Eko, Agege kuwa na Ikeja. Mai shago ba shi da zaɓi: ko kamfanin yankinsa, ko janareta.

4.0 Hanya ta Uku

Amurka ta taɓa shiga irin wannan hali. A 1935 kimanin gona ɗaya cikin goma ce ke da lantarki, domin kamfanoni ba su hango riba a karkara ba. Sai gwamnati ta ba manoma rance, suka kafa ƙungiyoyin gama-kai, inda mai shan wuta shi ne mai ita, kuma kowane mamba ƙuri'arsa ɗaya.

A Nijeriya ma doka ta buɗe ƙofa. Ƙa'idar NERC ta 2016 ta halatta ƙananan tashoshi da ba su wuce megawat 1 ba, kuma a 2018 aka fara ba shagunan kasuwar Sabon Gari ta Kano wutar hasken rana. Sai dai a nan ma kamfani ne mai kaya, 'yan kasuwa masu saye ne kawai. Dokar 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar lantarki, Legas kuma ta yi tata dokar a 2024.

5.0 Kammalawa

Hausawan Ojo ba su rasa tubalin gama-kai ba, domin suna da sarakunansu da ƙungiyoyin sana'a, kuma sun saba da adashi. Babban cikas shi ne ƙasa. A 2022 gwamnatin Legas ta ba mazauna Alaba Rago wa'adin tashi, kuma ba mai zuba jarin shekara ashirin a inda ba shi da tabbacin kwana. Saboda haka, kafin a yi zancen mallakar wuta, tilas a warware zancen mallakar wurin zama.