Janar da Sarki: Shekaru Bakwai na Mulkin Amurka a Japan

Ranar 27 ga Satumba, 1945, aka ɗauki wani hoto a ofishin jakadancin Amurka da ke Tokyo. Ga Janar Douglas MacArthur, dogo, cikin kaki, ko maɓallin wuya bai ɓalla ba. A gefensa Sarki Hirohito ya ƙame cikin baƙar kwat. Hukumomin Japan suka hana jaridu bugawa, wai an ci mutuncin sarki. Amurkawa suka ce a buga, aka buga. Talakan da aka rena a kan cewa sarkinsa tsatson abar bautarsu ne, Amaterasu, ya gane hannun da akala ta koma.

Makonni shida ke nan da Hirohito ya sanar ta rediyo da miƙa wuyan Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Manyan birane sun zama toka, ga yunwa. Ƙasashe irin su Ostareliya na so a gurfanar da sarkin, MacArthur ya ƙi. A lissafinsa, da sarki a gadonsa za a bi umarni ba gardama. Don haka ya bar ministoci da ma'aikatan Japan a kujerunsu, shi yana ba da umarni daga benen Dai-Ichi da ke fuskantar fada. Janar Tojo, firayim ministan lokacin yaƙi, da wasu shida aka rataye a 1948. Wanda aka yi yaƙin da sunansa ko shaida bai bayar ba.

Tsarin mulki ma haka aka yi. Daftarin da kwamitin Matsumoto na gwamnatin Japan ya tsara bai taɓa ikon sarki sosai ba, sai aka yi watsi da shi. A Fabrairun 1946 wasu jami'an Amurka suka kulle kansu, cikin kusan mako guda suka rubuta sabo. Cikinsu har da Beate Sirota, 'yar shekara 22 da ta tashi a Tokyo, wadda ta rubuta sashen da ya ce ba aure sai da yardar mace da namiji. Sarki ya koma alama kawai, sashe na 9 kuma ya haramta wa ƙasar yaƙi. A zaɓen Afrilun 1946 mata suka kaɗa ƙuri'a karon farko, 39 suka shiga majalisa.

Amma a ganina, aikin da ya fi ratsa ƙasar a gona aka yi shi. Kafin nan kusan rabin gonakin Japan na haya ne, manomi ya sha rana ya kai wa mai gona kusan rabin shinkafar da ya girbe. Dokar 1946 ta tilasta wa masu gonakin da ba sa zaune a ƙauyen su sayar wa gwamnati, ita kuma ta sayar wa masu nomansu. Hauhawar farashi ta cinye kuɗin da aka biya, har cinikin ya zama kamar kyauta. Zuwa 1950 gonar haya ta ragu zuwa kusan kashi 10 cikin 100. Wanda ya samu gonarsa kuwa ba ya neman juyin juya hali. Waɗannan manoma su ne daga baya suka zama ƙashin bayan jam'iyyar LDP ta masu ra'ayin riƙau.

Dimokuraɗiyyar dai da linzami ta zo. Ana tace jaridu, ba a yarda a soki sojan mamaya ko a zurfafa maganar ɓarnar bam ɗin Hiroshima ba. Ƙungiyoyin ƙwadago da aka ƙarfafa suka shirya yajin aikin gama-gari ranar 1 ga Fabrairu, 1947, MacArthur ya hana. Da tsoron kwaminisanci ya kama Washington sai aka juya akala: aka sassauta wa manyan kamfanoni irin su Mitsui da Mitsubishi, aka kori dubban 'yan kwaminis daga aiki. Yaƙin Koriya na ɓarkewa a 1950, MacArthur, mutumin da ya sa a rubuta sashe na 9, ya umarci a kafa rundunar mutum 75,000, aka laƙaba mata sunan 'yan sanda.

Mamayar ta ƙare ranar 28 ga Afrilu, 1952, bisa yarjejeniyar San Francisco, ban da Okinawa da ta jira har 1972. Shekaru biyar bayan ƙarewar mamayar Kishi Nobusuke, wanda aka tsare a kurkukun Sugamo bisa zargin laifin yaƙi, ya zama firayim minista. Ya so ƙwarai ya gyara tsarin mulkin da baƙi suka rubuta, bai samu ba. Har yau ko harafi ɗaya ba a sauya ba.