Wasan bolin: yadda ake yin sa da matsayinsa a wurin matasa

Ɗalibin da ke karatun lauya ko na sha'anin mulki a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya saba da ƙwallon ƙafa da sunuka da ƙwallon tebur, amma mai yiwuwa a talabijin ko a finafinan Amurka kawai ya taɓa ganin wasan bolin.

A Nijeriya, a manyan birane irin su Abuja da Legas ne aka fi samun zaurukan wannan wasa, inda akasari ake ɗaukarsa a matsayin nishaɗin masu hali. A wasu ƙasashen kuwa wasa ne na gasa, wanda yara ke fara koya tun suna firamare.

Yadda ake wasan

Ana jera turaku goma masu siffar kwalba a ƙarshen wani dogon dandamali mai santsi, sai ɗan wasa ya gara ƙwallo mai nauyi domin ya kayar da su.

Daga layin da aka hana ɗan wasa ya tsallaka zuwa turken farko ƙafa 60 ne, wato mita 18 da 'yan kai. Tsawon kowane turke inci 15 ne, nauyin ƙwallon kuma bai kamata ya wuce kilo 7.26 ba. Yara na amfani da wadda ba ta kai haka ba.

Wasa ɗaya na da zagaye goma, kuma a kowane zagaye ɗan wasa na da damar jifa biyu. Kowane turken da ya faɗi maki ɗaya ne. Idan ya kayar da duka goman a jifan farko, abin da ake kira sitiraik, zai sami maki goma, a kuma ƙara masa abin da ya samu a jifa biyu na gaba. Idan sai a jifa na biyu ya kammala kayar da su, jifa ɗaya na gaba kawai za a ƙara masa.

Da wannan lissafi ne ake kai wa maki 300, wanda shi ne ƙololuwa, kuma ba ya samuwa sai an yi sitiraik sau 12 a jere.

Abin da mai kallo ba ya gani shi ne man da ake shafa wa dandamalin. Galibi ana shafa shi ne a kan kimanin kashi biyu cikin uku na farkon hanyar, a bar sauran a bushe. Ƙwallon kan sulale a kan man, idan ta isa busasshen wuri sai ta kama ƙasa ta lanƙwasa, ta shiga tsakanin turken farko da na kusa da shi. A zaurukan nishaɗi ana shafa man ta yadda zai taimaki ɗan koyo. A wurin gasa kuwa ana sauya tsarin shafawar, kuma man na gusawa yayin da wasa ke tafiya. Saboda haka gwanintar ta fi karkata ga karanta dandamali fiye da ƙarfin damtse.

Daga caca zuwa gasa

Turawan da suka yi ƙaura, musamman Jamusawa, su ne suka yaɗa wasan mai turaku tara a Amurka. Ya yi ƙaurin suna wajen caca har jihar Connecticut ta haramta shi a shekarar 1841. Akan ba da labarin cewa an ƙara turke na goma ne domin a kauce wa wannan doka, sai dai akwai shaidar cewa ana yin mai turaku goman tun kafin a kafa ta.

A shekarar 1895 aka kafa ƙungiyar American Bowling Congress a birnin New York, wadda ta daidaita ƙa'idojin wasan. Ƙungiyar ta hana baƙar fata shiga cikinta har zuwa 1950, abin da ya sa suka kafa tasu a birnin Detroit a 1939.

Kafin shekarun 1950 yara ne ake ɗauka aikin tayar da turakun da hannu bayan kowane jifa. Zuwan na'urar da ke jera su da kanta ya sauya fuskar wasan, zaurukan suka yawaita, iyalai suka fara zuwa da 'ya'yansu, aka kuma kafa ƙungiyar ƙwararru ta PBA a 1958.

Matasa

A Amurka, hukumar USBC, wadda aka kafa a 2005, tana da tsarin ajiye wa yara kyautar da suka ci a gasa a matsayin kuɗin karatu maimakon a damƙa musu tsaba a hannu. Tun 2004 kuma hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ke shirya gasar bolin ta mata.

Jason Belmonte na Ostireliya, wanda aka haifa a 1983, ya fara gara ƙwallo tun yana ɗan ƙarami a zauren iyayensa. Da yake ƙwallon ta fi ƙarfinsa, sai ya riƙa jifa da hannu biyu, kuma bai daina ba har ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan duniya. Yara da dama sun kwaikwayi wannan salo da aka riƙa yi wa dariya a da. Ɗaya daga cikin masu yin sa, Anthony Simonsen, ya lashe gasar Masters ta USBC a 2016 yana da shekaru 19.

Wasan bai tsaya a yammacin duniya ba. Mohammed Khalifa al-Qubaisi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya lashe Kofin Duniya na bolin a 1988, Ahmed Shaheen na Ƙatar kuma ya lashe a 1999. Shalin Zulkifli ta Malesiya, wadda ta fara tun tana yarinya, ta zama mace ta farko da ta lashe gasar World Tenpin Masters a 2001, gasar da maza da mata ke karawa tare.

Batun kuɗi

Zariya ta riga ta nuna cewa wasan da ya fito daga Amurka na iya samun gindin zama a cikinta. A nan ne kocin ƙwallon kwando Oliver Johnson ya horar da matasa na tsawon shekaru, kuma a nan Masai Ujiri ya tashi, wanda ke shugabantar ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta lashe gasar NBA a 2019.

Sai dai ƙwallon kwando fili da raga da ƙwallo ɗaya kawai take buƙata. Bolin kuwa na buƙatar gini, da na'urorin da ake shigowa da su daga waje, da wutar lantarkin da ba ta yankewa, da masu gyara. Mai son yin gasa kuma sai ya mallaki ƙwallon da aka huda daidai da yatsunsa, da takalma na musamman, ya kuma biya kuɗin kowane wasan atisaye.

Rashin kasancewarsa a cikin wasannin Olamfik ma na rage masa tallafin gwamnatoci. An nuna shi a matsayin gwaji a birnin Seoul a 1988, ya kuma shiga jerin wasannin da aka duba domin gasar Tokyo ta 2020, amma a 2015 masu shirya gasar suka zaɓi wasu suka bar shi.