Bom a Hamada da Hakkin Maƙwabta

Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta gwada bom ɗinta na nukiliya na farko kusa da Reggane, cikin hamadar Aljeriya, wadda a sa'an nan take ƙarƙashin mulkinta. Tun 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙe ta ta haƙura, amma ta yi kunnen uwar shegu. Hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi, gama ƙurar wannan bom dafi gare ta, ga shi kuwa daga hamadar nan iskar hunturu ke busowa.

Da Faransa ta yi gwaji na uku cikin Disamba, sai gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadanta daga Ikko cikin Janairu, 1961, ta kuma hana jiragenta sauka Nijeriya.

Cikin 1963 Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla alkawarin daina gwaji a sarari da cikin ruwa. Faransa ta ƙi sa hannu, ba ta bar gwajin sarari ba sai 1974.

Wanda ya mallaki irin wannan makami amanar maƙwabtansa ya ɗauka, domin iska ba ta san kan iyaka ba.